SUNA A ƘARƘASHIN FARIN FENTI

Shafi na 17

Na Ishmael Zamani, Kafanchan

Jama'a, na ga saƙonninku, har da masu cewa na gudu. Ban gudu ba. 'Yata na raka makaranta a Jos, kuma hankalina bai dawo jikina ba sai da ta kira ta ce ta sami ɗaki. Duk wanda ya haifa ya san abin da nake nufi. Mu koma wurin Baba Yafet.

*

Baba Yafet na tsugune a barandar gidan tarihi yana wanke rola a bokiti lokacin da motar Madam Mildred ta shigo, tayoyinta duk jan taɓo. Ya miƙe yana goge hannu a jikin wando, yana murmushin mutumin da ya san ya yi aiki.

Tsohon siton layin dogo ne aka gyara aka mai da shi gidan tarihi, Madam Mildred ce ke kula da shi. Gobe Asabar za a buɗe baje kolin da ta daɗe tana fama da shirinsa. Kafin ta tafi Kaduna ɗauko kayan sauti ta ba shi aikin bango uku na babban zaure, ta ce ya yi musu fari.

Huɗu ya yi.

"Madam, sannu da hanya. Mararraban Rido ba ta riƙe ku ba?"

"Dattijo, bar ni kawai. Ruwa ya bi mu tun daga Kachia har Zonkwa. An gama?"

"An gama. Har da gyara."

"Gyara kuma?"

"Shiga ki gani."

Ya bi bayanta yana jin daɗi a ransa. Tun jiya da wuri ya gama ukun. Na huɗun yana rufe da babban tamfol daga sama har ƙasa, da ya ɗaga gefe ya leƙa sai da gabansa ya faɗi. Ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, layuka sun harɗe da juna kamar igiyar doya a jikin sanda, ga kibiyoyi ga taurari. Irin dai abin da 'yan iska ke fesa wa katangar mutane a gari. Nan take tausayin Madam ya kama shi. Wato har nan suka shigo mata, ita kuma kunya ta sa ta rufe, ba ta son ta ƙara masa aiki. Baiwar Allah. Ai ko mai tumatur in ka sayi na kirki tana ƙara maka biyu a kai.

Shi kuwa Yafet ba ya shafa fenti a kan datti, duk Kafanchan an san shi da wannan. Sai da ya sa ƙarfe ya kankare, ya bi da samfefa, ya share ƙurar tas, sannan ya shafa fari sau biyu.

Madam Mildred ta tsaya a tsakiyar zauren. Makullin mota ya suɓuce daga hannunta.

"Ina tamfol ɗin?"

"Na naɗe. Yana bayan ƙofa."

"Dattijo... ina bangon?"

"Ga shi nan a gabanki, Madam."

Ta tako a hankali ta ɗora tafin hannu a kan farin, tana shafawa kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

"A kai ka shafa, ko? Ce mini a kai kawai ka shafa."

"Haba Madam. Ni ba na irin wannan aikin. Sai da na kankare."

"Yesu na."

Ta nemi benci ta zauna. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Murmushin da ke fuskarsa ya rasa inda zai je.

"Na yi laifi ne?"

"Wannan bangon shi ne abin da mutane za su zo gani gobe."

"Wannan ƙazantar?"

"Zo, Dattijo. Laifina ne da ban zagaya da kai ba tun farko. Zo ka ga."

Ta ja shi ɗakin gefe, inda ya ga an tara kaya bai kula ba. Ga wata tsohuwar rediyo mai kaset, babba kamar akwatin amarya. Ga na'urar juya faifai. Ga takalman samari a cikin gilashi kamar wasu kayan sarauta. Ga ƙofar tsohon tarago an jingine, an fesa mata launi. A jikin allo kuma hotunan jiragen ƙasa ne, daga kai har wutsiya rubutu.

"Wannan New York ne, a Amurka," in ji ta. "Kimanin shekara hamsin da suka wuce. Unguwar talakawa ce, yawanci baƙar fata. Gidaje na ƙonewa, babu aiki, babu wanda ke zuwa ya tambaye su yaya suka kwana. Sai yaran suka haɗa nasu abin. Wani ya juya faifai, wani ya jero magana a kan kiɗan, wani ya yi rawa, wani ya ɗauki gwangwanin feshi ya rubuta sunansa. Shi ne hip-hop ɗin da kake jin Jason ɗinka na yi. Rubutun kuma girafiti ake ce masa. Gida ɗaya suka fito."

"To me ya kai su jikin jirgi?"

"Jirgi na tafiya. Ka rubuta sunanka a nan, da safe ya zaga gari da shi. Wanda bai san kana duniya ba ya karanta. Mu da garinmu jirgi ne ya haife shi, na ce ai mu ya kamata mu fi kowa ganewa."

Yafet ya daɗe yana kallon hoton. Ruwa ya soma bugun kwanon rufi.

"Madam, ke kin yi karatu, ni aji shida na tsaya. Amma na ga rubutun bango da idona. Lokacin rikici, mun tashi da safe muka tarar da jan fenti a ƙofar wasu gidaje a layinmu. Babu wanda ya san hannun da ya sa. Ba a jima ba gidajen suka zama toka. Jason na goye a bayana lokacin da muka gudu Kagoma, ƙanwarsa Hulda na bayan uwarsu. Tun daga ranar, in na ga fenti a bangon da ba mai gida ne ya sa ba, gobarar nan nake tunawa. Ba na tsayawa karantawa. Gogewa nake."

"Na sani, Dattijo."

"Shi ya sa na kai magana majalisar dattawan ikilisiya. Na ce duk ɗan ikilisiyarmu da aka kama yana wannan abu, a sa shi horo. A kira sunansa a gaban jama'a, ya koma bencin baya. Ba mugunta ba ce. Gara bencin baya da ofishin 'yan sanda. Kin san yadda suke yi da yaro in sun gan shi da gwangwani."

Madam ta kawar da kai.

"Wa ya yi bangon?" ya tambaya. "In je in ba shi haƙuri."

Ta juya ta koma babban zauren, ya bi ta.

"Ɗan Kaduna ne?"



Sai ga ƙarar jan abu daga ƙofa. Wani saurayi ya shigo da baya yana jan sifika, hula ta rufe masa rabin fuska, kafaɗunsa duk ruwa. Yafet ko a duhu ya san wannan ƙeyar.

"Jason."

Saurayin ya daskare.

"Baba... ina wuni."

"Ba ce mini ka yi kana Zonkwa wurin bikin abokinka ba?"

"Mun... mun bi ta Zonkwa, Baba."

"A motar kake tun ɗazu?"

"Ina jiran ruwa ya tsaya ne."

"Ruwan da yanzu ya fara?"

Idon Jason ya faɗa kan farin bangon. Ya saki igiyar sifikar. Ya cire hula ya ɗora hannu biyu a kai.

"Wahala dey o. Madam, wa ya yi wannan?"

Madam ta dubi ƙasa.

Yafet ya dubi ɗansa. Abin da ya kwana yana roƙon Ubangiji ya kawar masa, shi ne tsaye a gabansa. Yaron nan da wandonsa ba ya zama a ƙugu, yaron nan da ke rufe ƙofa yana surutu da sauri shi kaɗai kamar mai zazzaɓi.

"Kai ne," ya ce a hankali. "Kai ne kake bin gari kana ɓata katanga. Ni ina binka a baya da bokiti kamar mahaukaci. Katangar majami'a ma ba ka bari ba. Ni dattijon ikilisiya, ɗana ne."

Jason ya sauke hannuwansa daga kai. Ya dubi Madam.

"Eh. Ni ne."

"Ka dube ni ka faɗa."

"Ni ne, Baba. A sa ni horon. Ni dama bencin baya nake zama, an fi samun iska."

"Jason, bari."

Daga ƙofa muryar ta fito.

Hulda ce tsaye, lema a hannu ɗaya, kular abinci a ɗayan. Tuwon dawa da miyar karkashi ta kawo wa babanta, kamar yadda take yi duk inda yake aiki. Hulda da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Hulda da ke aiki a kemis, ke waƙa a cikin mawaƙan ikilisiya, ita ke tashinsa addu'ar safe. In mutane suka ce masa Allah ya ba shi 'ya, da ita suke.

Ba shi take kallo ba. Bangon take kallo.

Ta ajiye kular a ƙasa a hankali, kamar tana tsoron kada ta fashe.

"Jason ko kaza bai iya zanawa ba, Baba. Ka sani. A firamare ya zana saniya malam ya tambaye shi ko tebur ne."

"Hulda, abeg, ki yi shiru," in ji Jason.

"Ni ce."

Yafet ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Kina kare yayanki."

Ta miƙo masa hannuwanta biyu. A gefen farcenta akwai shuɗi-shuɗi, wanda ya sha gani in tana zuba masa ruwan wanke hannu.

"Ka taɓa tambaya ta, na ce maka maganin gyambo ne na kemis. Ba shi ba ne. Ka yafe mini ƙaryar."

Ya dubi farcen. Shi da ya yi rayuwarsa cikin fenti, ya kasa gane fenti a hannun 'yarsa. Ba don idonsa ya kasa ba, sai don bai taɓa kawo ta cikin lissafin abin tsoro ba. Duk tsoronsa a kan Jason ya tara shi.

"Ke? Katangar majami'a?"

"Ni."

"Bakin injin niƙa?"

"Ni."

"Me na yi miki, Hulda? Me kika rasa?"

"Ka karanta kafin ka goge?"

"Abin karantawa ne? Ai kan maciji ne da wutsiya."

Ta ciro waya, ta nemo hoto, ta matso kusa da shi. Bangon ne kamar yadda yake shekaranjiya, launi na ƙyalli. Ta ɗora yatsa a gefen hagu.

"Kada ka kalli launin. Bi yatsana kawai. Nan ta hau, nan ta sauko, ga sandar tsakiya. Wane harafi ne?"

Ya matse ido.

"A."

"Wannan fa, mai kibiya a ƙafa?"

"N."

"Wannan da ya lanƙwasa?"

"G..."

Ya tsaya.

Yatsan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Haruffan suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar mutanen da ke fitowa daga cikin dawa. Yanzu da idonsa ya buɗe, ya ga abin da ke cikin cikinsu. A cikin na farko saiwar citta ce, irin wadda marigayiya take sarowa daga ƙauye. A cikin na tsakiya zanen zanin zumuntar matan ikilisiya ne, shuɗi da fari, wanda aka rufe akwatin gawarta da shi. Abin da ya ɗauka taurari ne, furen kabewar bayan ɗakinta ne.

Sunan matarsa ne. Bango guda, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Da hannunsa ya sa ƙarfe. Ya tuna har waƙar sujada yake yi yana kankarewa.

Ya lalubi benci bai samu ba, sai ya zauna a kan bokitin fenti.

"Na gari kuma gajere nake rubutawa," in ji Hulda. "Lina. Harafi huɗu, don in yi sauri kafin a gan ni."

Ya ɗago da sauri. Babu wanda ya san wannan sunan. A gaban mutane Maman Jason yake ce mata, kamar yadda kowane magidanci ke yi.

"A ina kika ji?"

"A asibiti. Ina bayan labule da ruwan zafi, ka ɗauka na fita. Sau ɗaya na ji, ban ƙara ji ba. Tun da muka binne ta a Kagoma muka dawo, ba a ƙara kiran sunanta a gidanmu ba, dogon ko gajeren. In Jason ya fara labarinta sai ka tashi ka ce za ka duba kaji. Hotonta ka juya shi a cikin akwati. Ranar da zumuntar mata suka zo gaisuwar shekara, ka bar su da ni ka tafi sayen tinnar wanke burushi."

"Hulda, ya isa," in ji Madam a hankali.

"Bai isa ba, Madam. Yau ne kawai."

Muryarta ba ta tashi ba. Da irin muryar da take karanta Zabura take magana.

"Baba, rabin gidajen Kafanchan kai ka yi musu fenti. Kabarin Mama ko suna babu. Siminti ne kawai. Bara da muka je, a kan na wata na tsaya ina kuka, sai da Kawu ya nuna mini naki... nata."

Jason ya juya baya yana goge fuska da hula.

"Sai na ce to, bari in rubuta a inda ta saba tsayawa. Na rubuta a katangar majami'a, daidai inda take zama tana jiran mu bayan sujada. Ka goge. Na rubuta a bakin injin niƙa. Ka goge. Na rubuta a bayan tasha inda take baza citta. Ko kwana bai yi ba. Har na fara tunanin ko ka gane ne kake yi da gangan."

"Ban sani ba. Allah ya sani ban sani ba."

"Na yarda. Da Madam ta neme ni, na ce yauwa, ga inda ba za ka iya gogewa ba. Gidan tarihi. Inda ake ajiye abin da ba a so ya ɓace. Ni na rufe shi da tamfol don kada ka gani sai gobe. Na ce zan riƙo hannunka in karanta maka."

Ta yi murmushi, hawaye na bin gefen hancinta.

"Ashe gyara za ka yi mana."

Ruwan ya ƙaru.

Yafet na kallon hannuwansa. Akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Rabaran na ikilisiyarsu. Ya sha ɗaukar ƙaramin burushi da baƙin fenti ya hau babur zuwa Kagoma. Ya sha durƙusawa a gaban simintin. Amma in ka rubuta suna a kabari, dole ka rubuta shekara biyu a ƙasa, ta zuwa da ta tafiya, ka ja ɗan layi a tsakani. Wannan ɗan layin ne hannunsa ya ƙi ja. Muddin bai ja ba, gani yake kamar kasuwar Zonkwa ta tafi, mota ce ta yi mata latti.

Ya so ya faɗa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Ba za a iya sakewa ba kafin gobe?"

"Tun farkon damina nake yin sa, Baba. Gwangwanin ma sun ƙare, daga Kaduna ake kawowa. Guda biyu suka rage a jakata."

"Zan je Kaduna yanzu."

"Ba maganar gwangwani ba ce."

Ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Akwai masu irin aikin nan a Jos, tun bara suke kira na. Na ce musu ba zan bar babana shi kaɗai da Jason ba, su biyun ko ruwan zafi sai sun ƙona. Na ce wa kaina, in gobe ka tsaya a gaban bangon nan ka kira sunanta da bakinka, ko sau ɗaya, zan zauna. Zan san gidan nan da sauran wuri. Yanzu ban san me zan jira ba."

"Za ki tafi?"

"Ran Litinin akwai mota."

Abin da ya fi tsoro a duniya ke nan, kuma ba ta ƙofar da yake gadi ya shigo ba. Shekara da shekaru yana tsaye a kan Jason, yana leƙa aljihunsa, yana shinshina rigarsa. Ga wadda yake barci da ido biyu rufe saboda ita, tana gaya masa ranar mota.

"Me zan yi, Mamana?"

Rabon da ya kira ta haka tun tana 'yar firamare.

Hulda ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe jaka, ta ciro gwangwani mai shuɗin murfi, ta miƙa masa.

"Kai ka goge. Kai za ka rubuta."

"Ni ban iya irin naku ba."

"Ba irin namu nake so ba. Yadda aka koya maka a aji ɗaya. Babba, yadda na bakin ƙofa zai karanta. In ka rubuta, zan zagaye shi da abin da ya rage."

"Madam?" Jason ya ce, yana dubanta.

Madam Mildred ta ɗauki makullinta daga ƙasa.

"Bangon Hulda ne. Wanda ta ba, ya rubuta."

Yafet ya karɓa. Gwangwanin ba shi da nauyi ko kaɗan, da ya juya shi ɗan ƙarfen da ke ciki ya yi ƙara, kas, kas, kas. Ya sha tsintar irinsa a gindin katanga ya jefa a kwata yana tofar da yawu. Ya miƙe. Ya tako gaban farin bangon da ya yi alfahari da shi da safe. Babu tabo ko ɗaya. Aikinsa ne, ya yi kyau.

Ƙarar babur ta tsaya a baranda.

"Salama! Dattijo Yafet na nan? An ce mini a nan yake ai..."

Dattijo Gershon ne, sakataren majalisar dattawa, cikin rigar ruwa, yana karkaɗe hula. Shi ya goyi bayan Yafet ranar da aka kawo maganar horo, shi ya fi kowa ɗaga hannu.

"Ɗan'uwa, na zo in gaya maka ne, mutane na magana. An ce gobe za a yi kiɗan 'yan iska a nan, kai kuma an gan ka kana..."



Idonsa ya sauka a kan gwangwanin. Ya koma kan jakar Hulda da ke buɗe, ɗayan gwangwanin na leƙowa. Ya koma kan farcenta.

"Hulda? 'Yar mawaƙa?"

Hulda ta sunkuyar da kai. Jason ya matso ya tsaya a gabanta.

"Dattijo Yafet, ajiye abin nan," in ji Gershon, ya rage murya. "Ajiye, mu fita waje mu yi magana irin ta manya. Yarinya ce, za a san yadda za a yi a rufe. Amma kai in ka fesa abin nan, da idona na gani, ba zan iya cewa ban gani ba. Ka san dokar. Da bakinka ka kawo ta."

"Na sani."

"Jibi Lahadi."

"Na sani, Gershon."

"Kujerarka ta dattijo fa? Shekara nawa kana kai?"

Yafet bai juyo ba. Ya dubi Hulda. Ba ta roƙe shi ba, ko da ido. Tsaye kawai take, hannunta a kan igiyar jaka, kamar mai jiran mota.

Gershon ya ciro waya daga cikin rigar ruwa.

"Kada ka sa in kira Rabaran."

"Matsa gefe kaɗan, kana tare mini haske."

"Yafet!"

Ya cire shuɗin murfin, ya faɗi ƙasa ya gangara har gaban takalmin Gershon.

"Mamana," ya ce, "yaya ake riƙewa?"

Hulda ta tako. Ta kama hannunsa, ta gyara masa yatsa a kan bakin gwangwanin, ta ja shi baya kaɗan daga bango.

"Kada ka tsaya wuri ɗaya, zai zuba. In ka fara, ka tafi kawai."

A bayansu wayar Gershon ta shiga.

"Rabaran? Ka yi haƙuri, ka zo tsohon sito yanzu. A'a, ba a waya ba. Ka zo ka gani da idonka."

Yafet ya ɗaga hannu sama, iya inda tsawonsa ya kai. Leɓensa ya motsa sau biyu babu sauti. A na uku muryar ta fito, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Angelina."

Ya danna.